Ciwon Akawal da Ya Gagari Yaya

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu a ɗakinsa, a ƙauyenmu na kusa da Balan, ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Da na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, sai na lura masu zuwa ba mutum ɗaya suke yi wa ta'aziyya ba. Samarin unguwa da magidantan da suka tasa a bayan nan suna cewa Allah Ya ji ƙan tsoho, mutum ne mai shiru, ba ruwansa da kowa, kullum yana zaure yana tufka igiya. Iyakar abin da suka sani ke nan, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma dattawa wani mutum dabam suke faɗa. Wani tsoho ya zo a kan jaki daga wajen Ajingi, ya zauna ya daɗe yana goge ido, sannan ya ba mutane labarin goɗiyarsa da ta yi damina guda tana ɗingishi, kowa yana cewa targaɗe ne, har Yaya ya zo ya zaro mata guntun ƙaya daga cikin kofato. Wani Bafulatani kuma, wanda ban gane shi ba sam, ya yi addu'a ya shafa, ya nemi a nuna masa inda turken dokin marigayi yake a da. Na kai shi. Wurin ya zama makwancin awaki. Ya tsaya ya duba, ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

A cikin gida kuwa, da na shiga gaishe da matar Yaya, ba ta yi kuka a gabana ba. Cewa ta yi, ita a wajenta ba ranar Talata ya tafi ba. Ta ce tun ranar da dokin nan ya faɗi ba ta sake ganin haƙoran mijinta ba.

Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani. Dawaki sun ƙare a ƙasarmu, waɗanda suka san shi a kan sirdi suna ta bin sa ɗaya bayan ɗaya, ni ma ƙafata ɗaya tana can.

Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba. Ina goye mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe ni, shi ya yi mini aure, kuma har furfura ta fito mini bai daina ce mini Auta ba. Manomi ne kamar kowa, gyaɗa da dawa da gero. Sanin doki a wajen kakanmu ya samo shi, wanda ya yi fatauci da ƙuruciyarsa. Idan aka kawo masa doki mara lafiya, ba ya taɓa shi da farko. Sai ya tsuguna can gefe ya ce, "A ja shi in ga tafiyarsa." A kai, a kawo, a sake kaiwa, mai doki ya ƙosa, shi ko a jikinsa. Sai ya gama kallo sannan ya tashi, ya bi ƙafa da tafin hannu tun daga sama har ƙasa yana neman inda ya fi zafi, ya ɗaga kofato ya ƙwanƙwasa, ya sunsuna. Mafi yawan lokaci yakan faɗi abin da ke damun dabbar, kuma a tarar haka ne. Idan ya ga tabon bulala a jikin doki, mai shi ba ya tafiya sai ya sha faɗa, ko da ya girme shi.

Keke kuwa bai taɓa hawa ba. Lokacin da na sayi nawa na yi ta lallashinsa ya koya, ya ce shi ba zai ba da amanar jikinsa ga abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba. Muka yi dariya a lokacin.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai gyaɗa ta yi kyau, Yaya ya sayi doki a hannun wasu Fulani. Baƙi ne wuluk, shi ya sa muke ce masa Akawal. Ba dokin ado ba ne, dokin hanya ne, mai faɗin ƙirji da tafiya mai laushi, ba ya firgita da mota, ba ya gardamar shiga ruwa. Babban aikinsa shi ne kai Yaya wajen babbar yayarmu, wadda muke ce wa Adda, wato yaya mace da Fulatanci, don kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce. Adda tana aure a wani ƙauye gaba da Ajingi, mijinta ya rasu, idanunta sun yi rauni. Duk ranar kasuwar Ajingi Yaya zai ɗaura sirdi, ya rataya mata kuka da daddawa da ɗan goro, ya ci kasuwa ya ƙarasa wajenta. Ita takan ce tun kafin ya yi sallama take gane shi, da takun dokinsa.

Ciwon ya fara a shekarun yaƙin basasa, a ƙarshen wata damina. Aikin gona ya yi yawa, Akawal ya yi kwanaki a turke yana cin dawa ba a hau shi ba. Wata rana muka nufi Gaya, Yaya a kan doki, ni a kan keke. Da farko sai rawar jiki yake yi don murna. Mun yi nisa kaɗan sai na ga takun ƙafafunsa na baya ya gajarce, kamar an yi masa dabaibayi. Gumi ya keto masa, alhali rana ba ta yi zafi ba. Sai kawai ya tsaya cik. Yaya ya sauka ya shafa cinyarsa, ya kira ni ya ce in taɓa. Na taɓa, tauri kamar turmi, kuma naman yana karkarwa a ƙarƙashin fata. Muka kwance sirdi, muka tsaya da shi a inuwar wata tsamiya. Can ya buɗe ƙafa da ƙyar ya yi fitsari, fitsarin ya fito ja-baƙi kamar zoɓon da ya kwana. Ban taɓa ganin Yaya ya kalli doki da irin idon da ya kalle shi ranar ba. Sai bayan la'asar muka iya jan sa zuwa gida, taku ɗaya-ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki ya warware sarai, kamar ba shi ba. Abin da ya fi ɗaure wa Yaya kai ke nan. Ɗingishin da ya sani yana da mazauni, a kofato ko a gaɓa ko a jijiya, ka danna wurin doki ya janye ƙafa. Wannan ba shi da wuri. Yau ƙafar hagu ce ta fi, wata rana ta dama, wata rana ƙugun gaba ɗaya. Ya bincike kofatan nan har ya kusa haddace su. Ya sa maƙeri ya gyara su. Ya ce ko sirdi ne ke danne masa baya, ya canza sirdi. Ya ƙara kanwa, ya rage kanwa. Ya gasa masa cinya da ruwan zafi, ya murza man kaɗe, ya ba shi jiƙe-jiƙen da kakanmu ya koya masa. Sai a yi wata guda lafiya lau, mu ce an dace, sannan wata rana a tsakiyar hanya abin ya dawo.

A nan ne suka saɓa da Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan a lokacin. Baffa ya ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, ko an yi wa dokin sammu don hassada, ko ya taka wani abu a hanya. Ya ce a karɓo rubutu, kuma a kira wanzami ya yi masa lalas, wato a ɗora masa ƙarfe mai zafi a cinya. Yaya ya karɓo rubutu a wajen malamin unguwarmu, ya zuba masa a dusa, amma ya ce ba za a ƙona masa doki a kan abin da ba a san inda yake ba. Rannan yana gona, Baffa ya aika aka kira wanzami. Yaya ya dawo ya tarar da ƙaurin gashi a tsakar gida, ga layuka ja a cinyoyin Akawal, ƙudaje har sun fara taruwa. Ina tsaye. Na zaci za a yi tashin hankali. Amma ya ajiye fartanyarsa, ya je ya durƙusa a gaban Baffa kamar yadda ya saba, ya ce, "Baffa, ciwon yana ciki, kun ƙara masa na waje."

Baffa ya ce ai shi ya san doki tun kafin a haifi Yaya. Yaya ya tashi ya koma wajen dokinsa. Daga ranar ya daina cin tuwo a akushi ɗaya da Baffa. Kullum da safe zai je ya gaishe shi, ya tambayi kwanansa, amma in an fito da abinci sai ya ɗauki nasa ya koma gindin rumbu. Aka yi kusan shekara a haka, mutane suka sa baki, bai sauya ba. Sai da Baffa ya kwanta ciwon ajali, ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa duk suna birni. Yaya ne ya riƙa ɗaga shi yana kwantarwa, yana yi masa wanka, yana ba shi kunu a baki, abin da ya rage a ƙwaryar ya shanye. Ba wanda ya ta da zancen lalas a cikinsu har Baffa ya cika.

Akwai wani malamin dabbobi a Gaya a lokacin, saurayi mai ladabi, Yaya ya ja Akawal ya kai masa. Na raka su. Malamin ya saurari Yaya tun daga farko har ƙarshe bai katse shi ba, ya yi ta tambaya: me ya ci, yaushe aka hau shi, yaya launin fitsarin. Ya ɗebi jini a kunnen dokin ya shafa a gilashi, ya ce zai aika Kano. Da muka koma ya ce ba a ga cutar sammore ba, ba a ga cutar kaska ba, ba a ga komai ba. Ya ce a makaranta an taɓa faɗa musu wani ciwo mai kama da wannan, da ke kama dokin da ake ɗura wa hatsi yana zaune, amma shi bai taɓa gani da idonsa ba, kuma ba shi da allurarsa. Yaya ya ce shi ma ya lura abin ya fi zuwa bayan hutu. Suka zauna a kan benci kamar abokai suka tsara: a rage dawa sosai, a ƙara harawa da ciyawa, kuma kada rana ta fito ta faɗi ba a motsa dokin ba.

Haka aka yi, kuma abin ya yi kamar ya tafi. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo, Akawal bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ko ruwa ake shatatawa Yaya sai ya fitar da shi ya zagaya bayan gari. Ya koma zuwa wajen Adda duk mako. Ya riƙa gaya wa duk wanda ya kawo masa doki cewa a yi hattara da dawa, ita ce ta kusa kashe masa nasa. Ya sa aka kai wa malamin dabbobi zabbi. A wannan tsakanin ne na fi tuna shi da fara'a, yana wanke doki a bakin rijiya yana tsokanar mata masu ɗiban ruwa.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, da bazara, wani mutumin ƙauyen su Adda ya iso da sassafe ya ce jikinta ya yi tsanani, tana kiran ƙannenta. Ba ranar kasuwa ba ce, babu motar da za ta bi ta wajen. Yaya ya ɗaura sirdi, na hau keke. Dokin nan bai ci hatsi fiye da ƙa'ida ba, jiya-jiya aka hau shi, kuma Yaya bai yi sukuwa ba, tafiyar da suka saba suka yi. Mun wuce rabin hanya, a wata fadama da ta bushe, na waiwaya na ga sun tsaya. Na dawo na tarar gumi yana zuba daga cikin dokin kamar an watsa masa ruwa, ƙafafun baya sun sandare, yana nishi. Babu inuwa a kusa, babu gida sai can nesa.

Na ce wa Yaya ya hau bayan kekena mu tafi, mu aiko a ɗauki doki. Ya dubi yashin hanyar, ya dubi dokin. Mu duka mun san keke ba zai ja mu biyu a wannan yashi ba, kuma in aka bar Akawal a ranar nan ba zai kai azahar ba.

Ya ce, "Auta, yi gaba. Ka ce mata ina hanya."

Na ce, "Yaya, in ta tambaye ni me ya tsare ka fa?"

"Ka gaya mata gaskiya. Ta san shi."

Da na waiwaya daga nesa na hango ya tuɓe rigarsa ya riƙe ta a kan dokin yana yi masa inuwa.

Na sami Adda da sauran numfashi. Ta lalubi hannuna, ta gane ni, ta ce ina ɗan'uwana, ba ta ji takun doki ba. Na ce yana hanya. Ta ce to. Ta sake tambaya bayan wani lokaci, na sake cewa yana hanya. Kafin azahar ta cika. Na roƙi mutanen garin a jira shi, suka jira har la'asar, sannan liman ya ce zafi ya yi yawa, haƙƙin mamaciya ne a gaggauta. Muka kai ta. Rana ta kusa faɗuwa Yaya ya iso a ƙasa, takalminsa a hannu. Ashe sai da ya jira dokin ya iya ɗaga ƙafa, ya lallaɓa da shi har gidan wani manomi, ya ba da amanarsa, sannan ya taho. Ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya gane. Ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ta neme shi. Na ce ta neme shi. Ya ce in nuna masa kabarin.

A zaman makokin, babban ɗan Adda ya faɗa a gaban mutane cewa kawunsa ya zaɓi dabba a kan 'yar'uwarsa. Dattawa suka tsawatar masa. Yaya bai ɗaga kai ba. A hanyarmu ta komawa, muna jan doki a ƙasa, magana ɗaya ya yi mini. Ya ce, "Ashe ba dawa ba ce. Shekara biyu ina gaya wa mutane abin da ban sani ba."

Bai sake hawan Akawal ba, amma bai rabu da shi ba. Sai ga shekarar fari. Gero ya ƙone a tsaye, harawa ta zama abin nema, mutane suna fitar da dabbobinsu kafin su mutu a hannunsu. Wani dillali ya zo ya ce a ba shi dokin ya kai wata kasuwa mai nisa inda ba a san shi ba, tunda in ba a hau shi ba ba mai gane yana da ciwo. Yaya ya ce in zai sayar dole ya faɗa wa mai saye abin da ke damunsa, to me zai ce masa? Dillalin ya tafi. Yaya ya riƙa fita tun da safe da lauje da igiya, yana sassaɓo ganyen gawo, yana tone saiwar ciyawa a fadama, dattijo da shi yana ɗauko dami a ka. Matarsa ta yi magana, 'ya'yansa suka yi magana, ni ma na yi. Gidan ana auna tuwo, shi yana raba kokonsa da doki.

Duk da haka Akawal ya rame, kuma ciwon ya daina jiran hanya. Yana tsaye a turke sai ka ga gumi ya keto, cinya ta ɗaure. Wata safiya ya kwanta bai iya tashi ba. Muka taru muka sa masa igiya muka ɗaga, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. Yaya ya zauna a ƙasa ya ɗora kan dokin a cinyarsa yana kore masa ƙuda, har ya daina numfashi da la'asar.

Abin da ya yi bayan nan ya ba mutane mamaki. Muka ja gawar bayan gari, ya aika aka kira mahauci, ya ce a buɗe masa cinyar, yana so ya gani. Mahaucin ya yi ta jan ƙafa, ya ce bai taɓa sa wuƙa a jikin doki ba, amma ya yi. Naman wurin ba ja ba ne kamar na sauran jiki. Fari-fari ne, layi-layi, kamar dafaffen kifi. Yaya ya tsuguna ya taɓa, ya murza a yatsunsa, ya sa aka buɗe ɗaya cinyar, ita ma haka. Ga ciwon a fili, wanda ya yi shekaru yana lalube ta bayan fata. Mahauci ya tambaye shi mene ne wannan. Ya ce bai sani ba. Malamin dabbobin nan an riga an yi masa canjin wurin aiki, babu wanda za a nuna wa. Muka haƙa rami muka rufe shi.

Daga nan ne ya zama tsohon da samari suka sani. In an kawo masa doki sai ya ce a yi haƙuri a kai wa wani. Wasu suka yi fushi, suka ce girman kai ne. Wani amininsa ya taɓa jan dokinsa har ƙofar zauren ya yi ta kai da kawo da shi a gabansa, ko zai yi magana. Na ga idon Yaya yana bin ƙafafun, na ga bakinsa ya motsa, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tufkarsa. Ba a daɗe ba ma masu kawowar suka ragu, babura suka shigo, masu dawaki suka sayar ko suka mutu. Babban ɗansa ya sayi babur, ya sha yi masa tayin ya kai shi Ajingi ya ga 'ya'yan Adda. Sau ɗaya ya yarda. Ya dawo ya ce hanyar ta yi sauri, bai ga komai ba.

Ciwonsa na ƙarshe kumburin ƙafa ne da haki. Ana saura 'yan kwanaki ya rasu na shiga gaishe shi da safe, na tarar hankalinsa garau. Ya ce in matso. Na zaci wasiyya zai yi, a kan gona ko a kan iyali.

Ya ce, "Auta, ranar da muka tafi wajen Adda, akwai wani kududdufi kafin a shiga fadama. Ya sha ruwa a nan ko bai sha ba?"

Na ce ni ina gaba a kan keke.

Ya ce, "Na bi komai, saura ruwa. In ya sha, to wataƙila ruwan ne. Yi tunani."

Na yi tunani iyakar iyawata. Na so in ce masa ya sha, ya samu abin da zai riƙe ya tafi da shi. Amma shi ya raine ni, da na faɗa zai gane.

Na ce, "Ban tuna ba, Yaya."

Ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce, "Ni ma ban tuna ba." Ya juya fuskarsa wajen bango, ya ce in ja masa ƙofa.

Allah Ya gafarta wa Yaya, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sada shi da Adda a inda ba a makara. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.